Muryar Yaya a Rediyo

Yayana sojan baka ne, irin waɗanda jam'iyya ke saya wa fili a rediyo su yi ta kare ta. Bakinsa kuwa ba ya gajiya. Inna, mahaifiyarmu, ba ruwanta da siyasa. Abin da ta sani kawai, ɗanta yana magana Kano tana sauraro. Da an idar da magariba a gidanmu na Fagge sai ta ɗora rediyo a cinya, kowa ya kama bakinsa.

Wata shekara aka zargi wani ɗan majalisa na jam'iyyar adawa da cinye kuɗin gyaran asibiti. Yaya ya shiga rediyo ya ce bai dace wanda ake zargi ya kwana a kujerar shugaban kwamiti ba, ya sauka tukuna, in kotu ta wanke shi ya dawo. Ba a jima ba aka tsige mutumin. Inna ta haddace maganar, duk wanda ya zo gaishe ta sai ya ji irin gaskiyar ɗanta.

Ba a rufa shekara ba irin wannan zargi ya faɗo kan shugaban masu rinjaye, ɗan jam'iyyar su Yaya. Lokacin ina tsaron shagon kayan lantarki a Sabon Gari. Yaya ya biyo da hantsi, na tambaye shi me zai faɗa da yamma. Ya ce zargi ai ba hukunci ba ne, a jira kotu, kada wanda ya taɓa kujerar. Na tuna masa maganarsa ta bara. Ya yi dariya.

"Wancan nasu ne, wannan namu ne."

Raina ya ɓaci, zama ya gagare ni. Ba majalisar ce ta dame ni ba, Inna ce, da abin da za ta ji daga bakin ɗanta. Mai sayen ƙwan fitila na miƙa masa soket. Maigidana, Inyamurin da aka haifa a Sabon Gari, ya ce in tafi gida kafin in sayar masa da shago. Na bi Titin Ibrahim Taiwo, na kutsa Kantin Kwari ba da niyyar sayen komai ba, ina ta saƙa da warwara: in cire batirin rediyon ne, ko in ja Inna zuwa dubiya? Ko da na isa gida, ta riga ta shimfiɗa tabarma, ta kirawo maƙwabta biyu su ji ɗanta.

Ya yi maganar, kuma abin haushi, ya tsara ta da kyau. Maƙwabtan suka sunkuyar da kai. Inna ba ta kashe rediyon ba, ta ji har ƙarshe. Da suka tafi ta tambaye ni ko laifin wannan daban yake da na wancan. Na ce iri ɗaya ne. Ta naɗe tabarmar ta shige ɗaki.

Da safe Yaya ya zo gaishe ta, ya durƙusa yana fara'a, ya tambaya ko ta ji shi jiya.

"Na ji wani mai irin muryarka," in ji ta.

Sannan ta ce in zubo masa koko.