Tatsuniyar da Ta Raba Ni da Innata

A gidan kakata a Saji, in an gama girbi, aikin maraice ɗaya ne: ɓarar gyaɗa. Ana idar da sallar magariba za a hura wuta da karan dawa a tsakar gida, a juye gyaɗa a tabarma, kowa ya jawo ƙwaryarsa. Kaka ba ta ɓara, wai yatsunta sun tsufa. Bakinta ne dai bai tsufa ba, da shi take biyan mu ladan aiki. In ta ga hannuwa sun fara sanyi sai ta gyara zama ta ce, "To, ga wata nan tafe, mai gyangyaɗi ya ba ta hanya."

A shekarar da nake magana, ana ta raɗe-raɗin Turawa za su tattara su tafi. Ni ina 'yar shekara bakwai, ba abin da ya dame ni da tafiyarsu, tawa tafiyar nake tsoro. Mahaifina ya yi wa Innata saki na uku a Rurum, muka dawo Saji ni da ita, har ta gama idda. Sauran kuwa kowa ya san shi: ɗa na uba ne, duk ranar da Inna ta yi wani aure dangin Baba za su zo su ɗauke ni. Shi Baban tuni nadama ta kama shi, yana ta aiko da goro da ban haƙuri, alhali ya san bayan saki uku ba ta komawa gidansa sai ta auri wani, shi ma ya sake ta don kansa. Ni ce 'yar farinta, don haka kunya ba ta barin ta kama sunana ko ta dube ni a gaban mutane. Abin da ke ranta game da ni, ban sani ba.

A wani maraice irin wannan ne Kaka ta kawo labarin Tanko mai saurin fushi da matarsa Ladi. Ya sake ta na farko don tuwo ya yi zafi. Ya sake ta na biyu don tuwo ya huce. Ran na uku ta durƙusa ta ce, "Maigida, yau yaya kake so a kawo shi?" Ya ce au, har tambayarsa take yi? Ya cika na uku.

"Kwana bakwai," in ji Kaka, tana ɗaga yatsu, "Tanko ya ƙone tukunya, ya ƙone gemu, ya tuƙa tuwon da ko kare ya shinshina sai ya ce Allah ya ƙara ba shi haƙuri."

Da wuya ta yi wuya, Tanko ya nemo wanda ya fi kowa muni a garin, wani mahaƙin rijiya mai haƙori ɗaya. Ya ba shi akuya a kan ya auri Ladi, gari na wayewa ya sake ta. Aka ɗaura aure. Ladi ta tuƙa tuwo ta ajiye masa, ya ci, ta ce, "Ka ƙoshi ko a ƙaro?" Sai mutumin ya fashe da kuka, ya ce shekara ashirin ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya. Da safe Tanko na tsaye a ƙofar gida ya sha rawani, sai ga mahaƙin rijiya yana jan akuya. Ya ce, "Ga abarka, na fasa." Ladi kuwa ta yi zamanta, har ta haifa masa tagwaye.

Muka yi dariya har gyaɗa ta zube, daga nan gardama ta kaure. Inna Mairo, ƙanwar Innata, ta ce wallahi ita da za ta samu mai haƙori ɗayan nan, ko rabin haƙori ne tana so. Kawu Sale ya ɗago murya daga bayan zana ya ce mutumin maci amana ne, kuma ma auren kisan wuta malamai sun tsine masa, bai kamata a riƙa yi wa yara dariya da shi ba. Dije, Bafillatanar da ke kawo mana nono, ba ta yi dariya sosai ba. Ta ce, "Iya, 'ya'yan da ta haifa wa Tanko fa, wa ya riƙe su?"

Kaka ta ce, "Ke, wannan Ladin ba ta haihu da shi ba. Kada ki ɓata mini labari."

Innata, wadda ta yi watanni ba a ga haƙorinta ba, ranar ta yi murmushi. Can ta ce a hankali, "Iya, da bai mayar da akuyar ba fa?"

"Da ta koma gidan Tanko mana," in ji Kaka, ta ci gaba da tura kara cikin wuta.

Kaka ta shirya labarin ne don 'yarta ta cire Baba daga ranta, ta dubi masu zuwa zawarci. Inna kuwa abu ɗaya ta ji a ciki: akwai hanyar komawa. Ba a yi wata ba ta aika wa Baba cewa ta yarda. Ya samo wani mai fataucin kanwa a Fassi, ya ba shi maraƙi, suka ƙulla a ɓoye. Kaka ta yi faɗa, ta yi kuka, Inna ta kafe.

Mutumin ya riƙe maraƙi, ya riƙe matar, ya ƙi saki. Baba ba shi da bakin kai ƙara gaban alƙali, don abin da zai faɗa shi zai fara kamawa. Kafin damina mai kanwa ya kwashe iyalinsa ya yi kudu. Ni kuma goggona ta zo ta tafi da ni Rurum. Ban sake ganin Inna ba. Bayan shekara huɗu wani ɗan fatake ya kawo labarin ta rasu wajen haihuwa, a garin da har yau ban iya faɗar sunansa daidai ba.

Na tashi da haushinta, ba zan ɓoye ba. A ganina son namijin da ya sake ta sau uku ne ya rufe mata ido, ta jefa kanta a rami, ni ko tuna ni ba ta yi ba. Haka na riƙe har na yi haihuwar fari, aka kai ni Saji wankan jego wurin Kaka, tunda ba uwa. Wata safiya tana tsoma ganye a ruwan zafi, na faɗa mata abin da ke raina.

Ta ajiye ganyen. Ta ce, "Wane so? Ana gobe ɗaurin auren nan uwarki ta same ni a ɗaki ta ce, 'Iya, ko ganin wanda ya sake ni ba na son yi. Amma in ban koma ba, wa zai riƙa yi wa yarinyar nan kitso?'" Kaka ta share ido da gefen zane. "Ni da bakina na nuna mata hanyar, ina zaton magani nake ba ta."

Yanzu na girmi Kaka ta wancan lokacin, na kuma daina neman mai laifi, don duk wanda na kama sai in tarar so ne ya sa shi. Abin da na gane shi ne, mai ba da labari yana iya cire 'ya'ya daga cikinsa don dariya ta fito, amma uwar da ke zaune tana saurare ba ta da wannan damar. Shekara goma sha biyu na yi ina jin haushin matar da ta sayar da rayuwarta don ta kwana gida ɗaya da ni, kuma ko kabarinta ban sani ba, balle in je in ce ta yafe mini.