Sandar Uwar Raino

A ɗakin gwaji na hawa na biyu, Uwar Raino ake ce mata, don ita ke kiwon ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwar ɓera a 'yan faranti masu murfi. Ba ƙwayoyin da ke aika saƙo ba, masu yi musu hidima ne, su ciyar da su, su share musu wuri.

Tun tana firamare take fama da farfaɗiya. In ta faɗi a aji, yayanta ne ke goya ta zuwa gida. Magani ya tsayar da faɗuwar, amma ya bar mata rawar hannu. Kwatsam sai aka kawo wannan maganin nata ɗakin gwajin a gwada, a ga ko yana sauya yawan wani furotin da ƙwayoyin ke yi.

Ta ɗiga magani a rabin farantan, ta bar rabi. Saura mataki na ƙarshe, zuba ruwan kowane faranti a jerin 'yan ramuka masu ƙanƙantar gaske. Nan hannunta ya goce, ruwan wannan rami ya tsallaka wancan, aiki ya lalace.

Farfesa, shugaban ɗakin, ya ce, "Ƙanwata, ba laifinki ba ne. Abokin aikinki Mai Gemu zai riƙa zubin."

Ta san inda maganar ta dosa: wanda ba ya zubi, wankin kwalabe ake mayar da shi.

"Ranka ya daɗe, ni da goyo, wani da yabo? A ba ni dama ɗaya."

Farfesa ya amince. Da ta tashi aiki ta biya shagon Yaya, mai rubutun allunan shaguna. Ya saurare ta, ya yi dariya.

"Kin zaci nawa hannun ba ya rawa? Sandar nan ke rufa min asiri."

Ya nuna mata yadda yake dogara sanda a allo ya ɗora wuyan hannu, ya yanko mata gajeruwa.

Ranar zubi Mai Gemu ya leƙo, ya ga sandar. "Yau kuma fenti za a yi mana?"

"Matsa, kana tare min haske."

Ta ɗora wuyan hannu a sandar, ta cika ramukan tsaf, ko ɗigo bai kauce ba. Da hoton sakamakon ya fito, layukan furotin sun fita sarai, na ɓangaren magani sun fi duhu: furotin ya ƙaru. Farfesa ya daɗe yana kallo, sannan ya tura mata farantan gwaji na gaba.

Ta kai wa Yaya hoton. Ya riƙe shi a kife, ya kanne ido ɗaya.

"Layi ya miƙe," in ji shi. "Hannun gidanmu ne."