Abin Da Ba A Sa Cikin Gadon Malam Sabi'u Ba

Shekara tara ke nan da aka fitar da mijina, Malam Sabi'u, daga gidanmu na Funtua zuwa makwancinsa. Duk zaman da muka yi ban taɓa kama sunansa ba, Malam nake ce masa, kamar yadda aka tarbiyyantar da mu. Yau na rubuta shi ɓaro-ɓaro a jarida, domin akwai wanda ya goge shi daga inda ya kamata a gan shi, kuma ban ga dalilin da zai sa in taya shi ɓoyewa ba.

Malam malamin firamare ne a Maska. Kullum da safe zai hau babur ɗinsa ya tafi, ya dawo da yamma aljihu cike da alli da labaran yara. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne duk fim ɗin da ɗalibansa ke leƙe a gidan kallo, babu mai kama da su a ciki. Rana ɗaya sai ga shi da 'yar kyamara. Na yi mita har na gaji, shi kuwa sai murmushi, irin wanda ke ƙara wa mai faɗa haushi.

Da dawa ta fara nuna, sai ya bi yaran gona inda suke korar tsuntsu. Ya ɗauke su a kan rumfa suna jan igiya gwangwanaye na kaɗawa, suna wurga majajjawa, suna waƙoƙin da ba a koya musu a aji ba. Labarin ba shi da tsawo: wata yarinya, Ladi, wanta ya kwanta ciwo, ta hau rumfar a madadinsa, maza suna mata dariya, ta tsare gonar har girbi. Kaka biyu ya yi yana ɗauka. Burinsa shi ne ya kai fim ɗin nan bikin baje kolin fina-finai da ake yi a birni duk shekara, a rukunin yara da matasa. Ya gama haɗa shi a kwamfuta, ciwon hanta ya kwantar da shi, ya rasu kafin a buɗe karɓa.

Akwai wani abokinsa mai shagon ɗaukar biki a cikin gari. Tun da ya hana mijina suna, ni ma ba zan ba shi ba, Mai Gilashi zan ce masa. Shi ya koya wa Malam haɗa hoto da sauti, wannan ba zan ƙi faɗa ba. Ya kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe a zaurenmu, kwanon tuwona na gabansa, har yana neman ƙarin miya.

Ina cikin takaba aka zauna rabon gado. Maza na zaure da malamin da zai raba, ni ina cikin ɗaki. Aka lissafa babur, gona, buhunan masara, kyamara da kwamfuta. Kwamfuta ba ta rabuwa, sai aka ce a sayar. Na aika aka kira mini wan mijina, Yaya Hamisu, ya tsaya a bakin ƙofa.

Na ce, "Yaya, aikin Malam yana cikin kwamfutar nan. A bari in fita takaba tukuna."

Ya ce, "Malama, ki ji da abin da ke gabanki. Wasan yara ne fa. Shi ma sai a yi masa kuɗi?"

Mai Gilashi ne ya saya, har ya ƙara a kan abin da aka yanke, wai saboda marayu. Zaure ya ɗauka da sa albarka, ina jin su ta bayan labule. A cikin duk mutanen da ke wurin, shi kaɗai ya san abin da ya saya.

Bayan shekara biyu wata malama da muke koyarwa tare ta miƙo mini wayarta. Ga Mai Gilashi a kan dandamali cikin babbar riga, ana miƙa masa kyautar rukunin yara. Ya sake wa fim ɗin suna. A ƙarshensa, inda Malam ya jera sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya ya sa nasa a can ƙasa, suna ɗaya ne tal ya rage, na Mai Gilashi. Na je shagonsa. Bai ko tashi daga kujera ba, ya ce, "Malama, na sayi abu da abin da ke cikinsa, a gaban shaidu." Manya suka ce in yi haƙuri, ciniki ya halatta. Na yi shiru, suka ɗauka haƙurin ne.

Nakan tambayi kaina abin da Malam zai ce da ya ga yau. Yanzu kowane yaro da waya a hannu, abin da ya sha kaka biyu yana fama da shi suna yin sa kafin la'asar, kuma na san zai yi murna da haka. Na san zai yi baƙin cikin ganin rumfunan sun yi ƙaranci, domin iyaye ba sa sakin jiki su tura yara gona mai nisa kamar da. Game da Mai Gilashi kuwa, na san amsarsa sarai. Zai sosa ƙeya ya ce tun da yara sun kalla, ai buƙata ta biya. Haka yake, ko akuya ta ci masa shuka sai ya nema mata uzuri. Ni ba haka aka yi ni ba. Ban yafe ba, kuma ina so mutumin nan ya ji kunya a gaban irin taron da ya tafa masa.

Autarmu Hafsatu tana 'yar shekara takwas ubanta ya rasu. Bara, da ta gama sakandare, ta ari wayar ƙanena ta shiga neman yaran fim ɗin. Sun zama manya. Wani yana acaɓa a Dandume, wani yana sayar da taki, Ladi ta yi aure a Mahuta da goyo a bayanta. Tambaya ɗaya ta yi wa kowannensu, tana ɗaukar bidiyonsu a wayar: wa ya ɗauke ku a fim ɗin? Ladi ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce, "Malam Sabi'u mana. Ranar da rumfa ta karye da shi, ya faɗo cikin dawa ya ɗaga kyamarar sama kamar jariri. Wancan mai gilashin ko hanyar gonarmu bai sani ba." Haka suka yi ta faɗa, kowa da abin da ya tuna, babu wanda aka gaya wa abin da zai ce.

Hafsatu ta haɗa amsoshinsu wuri ɗaya suka zama fim, ta shigar a rukunin matasa na bikin nan dai, kuma an karɓa. Albarkacin waccan kyautar, Mai Gilashi yana cikin alƙalan bana. Al'adar bikin kuwa alƙalai su zauna a sahun gaba su kalli kowane fim tare da jama'a, daga farko har ƙarshe.

Labari ya kai wa Mai Gilashi. Sai ga Yaya Hamisu, tsufa ya kama shi, da buhun shinkafa a bayan babur. Ya ce, "Malama, mutumin nan yana neman yafiya. A janye abin nan, a rufa wa juna asiri."

Na ce, "Yaya, ai wasan yara ne. Me zai tsorata babban mutum a ciki?"

Da zai tafi na sa aka ɗaura masa buhun yadda ya zo da shi.

Idan na auna abin da ya rage na Malam, ba shi da yawa a ido. Babur ya mutu, gona ta tafi a rabo, fim ɗinsa yana hannun wani. Abin da ya saura shi ne waɗannan samari da matan aure da har yau in an ambace shi sai fuskarsu ta saki. Wannan kam, malamin rabo bai lissafa shi ba, shi ya sa ba a samu mai saye ba. Sun ce za su zo bikin, mota guda daga Maska, kuma na nemi a ba mu sahu na biyu, daidai bayan alƙalai.

Yanzu ina jin ƙishin-ƙishin wai Mai Gilashi ya fara gaya wa mutane yana da tafiya a makon. Dalilin wannan rubutu ke nan. Idan ya zo, zai ji sunan mijina daga baki zuwa baki, ga masu faɗar suna numfashi a ƙeyarsa. Idan bai zo ba, duk wanda ya karanta wannan shafi ya shiga ɗakin kallo ya ga kujera ɗaya babu kowa a sahun alƙalai, ya san mai ita, ya kuma san abin da ya hana shi zuwa. Ya zaɓi wanda ya fi masa sauƙi, ni duka biyun sun yi mini.

Allah ya jiƙan Malam Sabi'u, ya haskaka kabarinsa.