Bandar Naman Jego

Shekarar da soja suka canza kuɗi, babbar salla ta faɗo a tsakiyar damina. Muna Malikanchi a lokacin, ni ina yaro mai wanke allo, mahaifiyarmu kuma tana da tsohon ciki, jikinta duk ya yi laushi. Da Baba ya yanka ɗan ragonsa, sai kakarmu Iya Dije ta ware cinya guda ta ce ta jego ce, babu mai taɓa ta sai an sauka.

Baba ya dubi sama. Rabonmu da ganin rana har mun manta, man suya kuma babu.

"Iya, ruɓewa zai yi. A ci kawai."

"Kai da ka sha nonona wane nama kake tsammani na ci? Je ka masallaci, Malam, ka bar mini aikina."

Ta yanyanka cinyar fale-fale, ta zare ƙashin, ta murje ta da gishiri. Akwai wata tsohuwar randa da gindinta ya fashe, ita ta kifa a ɗakin girki, ta ɗora ragar waya a kai, ta zuba garwashin kirya da totuwar masara a ƙasa. Itacen dalbejiya da na kwaso ta jefar waje, ta ce ɗacinsa shiga nama yake yi. Ni ta ɗora wa gadi: wuta ta lasa sama in yayyafa ruwa, ta yi barci in ƙara totuwa.

Bayan isha muka taru a bakin randar, idanu na ta hawaye. Na gaji, na sunkuya na hura garwashin don a gama da wuri. Iya ta murɗe mini kunne.

"Maigidana, ƙona mini za ka yi? Zauna. Ga ta nan, ta biyo hayaƙi ta shigo."

"Ta zo mu ji ta," in ji mu.

Ta ce wani maharbi ne ya kashe gwanki a daji mai nisa, iyalinsa na gida da yunwa. Sai 'ya'yan Garwashi biyu suka zo masa, Harshen Wuta da Hayaƙi. Ya raba musu naman. Harshen Wuta ta yi rawa, ta yi haske, nan take ta miƙo nata yana ƙamshi. Hayaƙi kuwa ya yi ta kewaya nasa kwana da kwanaki, har maharbi ya zage shi don ya sa shi kuka. A hanya ya buɗe ƙunshin farko ya tarar baya ya ƙone, ciki ɗanye, tsutsa na yawo. Na Hayaƙi shi ya kai gida.

"Wanda ya sa ka hawaye shi ya ciyar da 'ya'yanka," in ji Iya da muryar maharbin. "Tatsuniya ta koma inda ta fito. Juya naman nan."

Haka muka yi ta yi kowane dare. Wata safiya muka tashi da ɗoyi a gidan, korayen ƙudaje na shawagi. Na ruga bakin randar. Baba ya biyo ni yana harara, wadda ta fi faɗa ciwo. Iya ta ɗauki tsinke ta soka a tsoka mafi kauri, ta zaro ta shinshina, ta sake sokawa. Sannan ta bi hancinta har bayan rumbu. Ashe fatar ragon ce Baba ya rataye ya manta, ruwa ya jiƙa ta.

"Malam, ga naka naman jegon," ta ce.

Ban taɓa jin alhamdulillahi ta yi mini daɗi a baki kamar ranar ba. Da aka haifi ƙanwata Rabi, da naman nan aka yi wa mahaifiyarmu romo da yaji har ta miƙe da ƙafafunta.

Na girma ina tsokanar Rabi cewa na sha hayaƙi dominta tun ba ta zo duniya ba. Sai da na fara karantar da yara na fahimci maharbin Iya, Allah ya jiƙanta: karatun da ya shiga da sauri ya fi saurin fita.

Bana, da matata ta kusa haihuwa, muka zuba naman layya a firji, wuta ta ɗauke ta ƙi dawowa. Ina ta zulumi sai ga Rabi daga Kurmin Kogi da buhun totuwa. Ta yanka rabin duro, ta jera naman a kai, ta zauna a bakinsa dare bayan dare. Ranar da ta gama ta miƙo mini kwando, idanunta jawur.

"Yaya, ga hayaƙinka. Kada in ƙara jin zancen."

Na soka tsinke na shinshina. Ban ƙara yi mata zancen ba.