Waken da Dogo Ya Tafi Ɗaukowa

Sama'ilu Dogo maƙwabcina ne a ƙauyenmu, gabas da Makoɗa, gonarsa da tawa iyaka ɗaya. Sai dai tsakani da Allah shi ba manomi ba ne, idan ya riƙe fartanya sai ka ji tausayin fartanyar. Direba ne, shekara ashirin da shida yana jan tsohuwar motar kaya daga Kano zuwa Damagaram ta hanyar Daura. Ya kai siminti da kwanon rufi, ya dawo da kanwa da dabino. Mahaifiyarsa 'yar can ce, don haka bai taɓa ɗaukar Nijar a matsayin wata ƙasa ba. A bakin iyaka tun kafin ya taka birki ake kiran sunansa, ya miƙa goro, a tambayi iyali, a ɗage masa sanda ya wuce.

Abin da ya ɗaure mu da shi wake ne. Kawunsa Malam Nababa yana noma wani farin wake mai saurin nuna a can, kuma duk shekara Dogo kan kawo mana iri kafin lokacin shuka. Namu da muke ajiyewa ƙwari ke cinye shi a rumbu, to wahalar me za mu sha? A hankali muka daina ajiye iri gaba ɗaya. Wannan wautar tamu ce, ba tasa ba, kuma ni na fara ta.

Sai aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka wata da watanni. Da aka buɗe muka ce an gama, ashe ba a ma fara ba. Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS, manyan 'yan kasuwa suka karkatar da kayansu ta wasu ƙasashen, hanyar Dogo ta mutu. Motar sai ta yi sati uku a gindin kuka, kaji na shan inuwa a ƙarƙashinta. Mutumin da ba ya wuce ka bai tsokane ka ba ya koma gaisuwa da hannu. Mu kuma tsadar abinci ta sa muka dafe ɗan waken da ya rage a gidajenmu, har ƙwayar ƙarshe.

Gab da damina ya samu lodin kwano, ya zo yi mini sallama. Na ce, "Dogo, an ce fa sun hana fita da hatsi daga ƙasarsu."

Ya yi dariya. "Kai dai ka gyara gona. Kyauta ce daga kawuna, wa zai raba ni da waken kawuna?"

Ruwan fari ya sauka, muka shuka gero, muka bar fili tsakanin layuka saboda wake kamar yadda muka saba. Bayan sati guda ya bugo mini waya. Yana bakin iyaka da buhu goma sha biyu, ma'aikatan duk sababbi, babu wanda ya san fuskarsa. Ya miƙa goro, babbansu ya karɓa ya gode, sannan ya ce, "Baba, sai da takardar izini. Ni ma umarni aka ba ni."

Masu babura sun yi masa tayin tsallake da kayan ta daji, buhu ɗaiɗai. Dogo ya ƙi. Ya ce shekara ashirin da shida ta ƙofa yake shiga ta ƙofa yake fita, ba zai koyi haura katanga da furfura ba, zai jira takarda. Na yi masa faɗa a waya har muryata ta dushe. Na ce mutuncinsa za mu shuka? Ya kashe wayar.

Kwana goma sha tara ya yi a wurin. Ruwa ya yi ta zuwa kamar da gayya, geronmu ya kai gwiwa ya fara rufe filin da muka bari. Matarsa Rahmatu ta daina zuwa rijiya da safe don gudun tambaya. Ni kullum sai na tsaya bakin gona ina kallon ƙasar nan mai laima da ba kome a cikinta, raina na ƙuna.

Ranar wata Laraba da azahar muka ji ƙugin motar. Muka taru, ni a gaba, da zagi cike a bakina. Bayan motar wayam, sai tsohuwar tamfol ɗin Dogo a yage. Ya daɗe bai sauko ba. Da ya sauko ya zaro wani tsumma daga aljihu ya kwance a tafin hannunsa. Wake ne, ya kumbura, kowace ƙwaya da farar saiwa, yana ɗan wari.

Ya ce, "Ruwa ya shiga buhunan. Na zubar da su a gefen hanya." Ya juya ƙwayoyin da yatsa, bai ɗago ya kalle mu ba. "Iri ne mai kyau, wallahi. Ko ɗaya bai ƙi tsira ba."