Jan Launin da Ya Tayar da Tungarmu

In aka tambaye ni aikina nakan ce ni mai shafa wa ƙasa launi ne, don in na faɗi sunan muƙamin gaba ɗaya sai mutum ya fara hamma. Babban mai nazari ne ni a ofishin da ke auna haɗarin sauyin yanayi na ƙasa baki ɗaya, a Abuja. Muna tattara bayanan ruwan sama, da tsayin ruwan koguna, da hotunan tauraron ɗan'adam, mu zuba wa kwamfuta, ta nuna mana inda ambaliya za ta fi ɓarna nan gaba da inda fari zai fi gasa mutane. Daga nan mu fitar da taswira. Kore lafiya lau, ruwan ɗorawa a yi hattara, ja kuwa ma'anarsa kada a ƙara aza tubali a wurin, na zaune ma su fara neman tudu. Ƙananan ma'aikata ke haɗa lissafin, amma ba a shafa ja sai na duba na sa hannu.

A shekarar da muka yi babban aikin, tungarmu ta fito ja. Ƙaramar tunga ce a ƙasar Kaoje, cikin Bagudo, a bakin gulbi, inda aka haife ni, inda mahaifina ke noman shinkafa yana jefa taru tun kafin ya yi gemu. Na sa aka maimaita lissafin. Na sake sawa, har yaran ofis suka fara kallon juna. Ja dai ta fito, sai na sa hannu. Bari in faɗa tun yanzu, don na gaji da masu ba ni haƙuri kamar na yi ɓarna: lissafina daidai yake. Da kuskure na yi ma da abin ya fi mini sauƙi.

Kafin in je gida, jami'ai sun riga ni da kwafin taswirar, sun ce an ware wa mutanenmu fili a kan tudu, kusa da hanyar Illo. Mutanenmu suka yi musu dariya. Ai ruwa ba baƙonsu ba ne, kowace damina yakan leƙo, a ɗaga hatsi sama, a kai yara wurin dangi, in ya ja a dawo a share ɗakuna. Sai wani cikin jami'an ya ce musu su daina dariya, ɗansu ne ya sa hannu.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Wancan na Abuja" yake ce mini a bayan idona, a gabana kuwa "kai" kawai. Ko sakamakon jarrabawa na kawo masa a da, sai ya miƙa wa ƙanensa ya ce a duba, shi ya juya ga tarunsa. Haka na girma ina yunwar kalma ɗaya daga bakinsa, ko da yake ba zan yarda da hakan ba in da an faɗa mini a lokacin.

Ranar da na isa, bayan la'asar aka taru a ƙofar masallaci. Na yi musu bayani iyakar iyawata. Na ce ruwan da nake magana ba irin wanda suka saba da shi ba ne, wannan in ya zo rufin ɗaki ma ba zai tsira ba. Suka ce yaushe? Na ce ba wanda zai iya faɗin shekarar, amma yaron da aka haifa yau zai gan shi da idonsa. Wani dattijo ya ce ai ko mutuwa haka take, ba a bar gida don ita ba. Aka yi dariya, raina ya ɓaci, na fara ɗaga murya. Sai Baba ya yi gyaran murya, bai ko dubi inda nake ba.

"Ɗiyan wasu na ƙarya, ban sani ba," in ji shi. "Wanga dai bai taɓa yi min ita ba. Ni ka hwara tashi."

Ni kuwa kaina ya kumbura, har na koma Abuja ina maimaita maganar a mota ni kaɗai kamar sabon mahaukaci. Baba ya cika alkawari. Bayan kaka ya kwashe iyalinsa, da mutane suka ga ya tashi sai suka bi shi gida-gida, har tungar ta koma ta jemagu.

Gaskiya tudun ya karɓi mafi yawansu. Samari suka sayi mashin suna jigilar kaya zuwa iyakar Benin, mata suka sami famfo a kusa, yara suka daina tsallake ruwa don zuwa makaranta. Baba ne kaɗai tudun ya ƙi. Ƙasar yashi ce, ta gero da wake, shi kuwa ya ce noman gero aikin wanda bai da gulbi ne. Fadamarsa ta yi wa ƙafarsa nisa, gwiwoyin ma sun fara gardama. Aka kife jirginsa a bayan gida, kaji suka mai da ƙarƙashinsa wurin ƙwai. Mutumin da ban taɓa ganinsa a zaune da rana ba ya koma zaman benci a bakin titi, yana bin mashina da ido suna wucewa da buhuna. Duk zuwan da zan yi sai in tarar rigarsa ta ƙara masa yawa.

Damina ta zo ta wuce, ruwan bai zo ba. Wata ta zo ta wuce. Haka dai, har mutane suka daina kiran abin da sunansa, suka koma cewa "ruwan ɗan wane". In an yi yayyafi sai wani ya ɗaga kai sama ya ce, to, ga shi nan ya iso.

Wata ranar kasuwar Illo na ɗauki Baba a mota don ya sha iska. A can muka haɗu da tsohon abokinsa, mutumin Dendi daga ɓangaren Benin, wanda suka yi shekaru suna jefa taru tare. Tungarsu na bakin gulbi ɗaya da tamu, ta ma fi tamu gangare. Amma taswirarmu ta ƙasa ce, a kan iyaka take tsayawa, abin da ke bayan layin fari ne fat, saboda haka ba wanda ya tayar da su. Tsohon ya kama hannun Baba yana girgizawa, ya dube ni ya kwashe da dariya.

"Ina ruwan ɗanka? Ko an tsai da shi ga iyaka, bai da takarda? Mu dai ba a shahwa muna komi ba, shinkahwa muka ci har wuya."

"Shina tahe," in ji Baba. "Yaro bai ce gobe ba."

Ni da ba na iya haɗiye magana sai na fara zuba wa tsohon bayani, har da nuna shi da yatsa. Baba ya ce, "Kai, yi shiru, ubanka ne." Na sauke yatsana. Tsohon ya ɗebo busasshen kifi daga kwandonsa ya ƙunsa wa Baba. A hanyar dawowa ban ji ya ce uffan ba. A hanyar dawowa ƙunshin na kan cinyar Baba, sai ya ɗaga shi zuwa hancinsa ya daɗe, sannan ya mayar.

A waɗannan shekarun na koyi wani mugun hali. Da damina ta kankama, abin da nake fara buɗewa da safe a ofis shi ne ma'aunin tsayin gulbinmu. In na ga ya hau sai in gyara zama, in na ga ya ja baya sai in ji haushi ya tokare ni, in huce a kan yaran ofis. Wato ni ɗin nan, ina zaune cikin sanyin na'ura ina fatan ruwa ya cinye ɗakin da aka haife ni, don dai a daina yi wa mahaifina dariya a kasuwa. Na tsani kaina a kan wannan, amma washegari sai in sake buɗewa.

Sau ɗaya Baba ya nemi wani abu a wurina. Bayan wata Babbar Sallah ne, da hantsi, ina loda kaya a mota zan koma. Ya zo ya tsaya yana duba tayar gaba, kamar ita ya zo yi wa magana.

"An ce ɗakina na can bai hwaɗi ba," ya ce. "Da in koma in yi damina guda. Ni ɗai, ban da iyali." Ya ɗan taɓa tayar da sandarsa. "In na koma, ba a rage maka daraja wurin aiki?"

Sai a lokacin na gane ba tsoron ruwa ya zaunar da shi a tudun ba. Mutuncina yake gadi. Ya kamata abin ya karya mini zuciya nan take, amma mai nazarin da ke cikina ya riga ni buɗe baki. Na ce, Baba, in ka koma rabin mutanen nan za su bi ka, har da masu goyo. Wannan gaskiya ne. Na ce hasashen bana ya nuna ruwa mai yawa. Wannan ma gaskiya ne. Na ce ya bari mu ga yadda daminar bana za ta kasance, in ta yi sauƙi sai mu sake magana.

Ya yi ɗan murmushi. "To, a jira. Kai dai kana da su da yawa."

Na ɗauka zolaya ce, har na yi dariya na tayar da mota. Sai da na yi nisa maganar ta zauna mini. Duk aikina na auna shi ne da rayuwar jariri, wanda ke da daminoni birjik a gabansa. Ban taɓa zama na tambayi kaina nawa suka rage wa tsoho ba, don ba a koya mana wannan lissafin ba, ni kuma ban nema ba. Na yi niyyar juyawa. Na ce bari dai in kira shi in na isa, da na isa kuma na ce ai magana irin wannan ba ta waya ba ce.

Daminar ta wuce lami lafiya. Baba ya rasu da bazara, kafin ruwan farko ya sauka. A tudun muka binne shi, cikin yashin da bai taɓa so ba.

Ruwan ya zo daga baya, kamar yadda muka faɗa, har ya fi. Ya shafe tungarmu, ko bangon masallaci bai bari ba. Cikin mutanenmu ba a rasa ko rai ɗaya ba, alhamdu lillahi, kuma duk wanda ya ce mini tashin ba shi da amfani zan yi faɗa da shi har gobe. Ƙanwata ta kira ni tana kuka, ta ce mata na ta sa mini albarka, masu zolayar kuma sun rufe bakinsu.

A ofis aka kira taro. Aka haska taswirarmu a jikin bango, aka ɗora mata hoton ambaliyar a kai, sai ga ruwa ya kwanta daidai kan jan da muka shafa, kamar an auna shi da tsinke. Shugabanmu ya ce wannan shi ne aikin da ake so, ya ce kowa ya ga abin da ƙwarewa ke yi. Ni kuwa ina kallon ɗigon da ya kamata ya zama tungarmu, ina ƙirga wani abu dabam. Duk daminonin da Baba ya kwashe a kan benci, da a bakin gulbinsa ya yi su, da ya noma shinkafarsa, ya ci kifinsa, ya mutu a ɗakinsa, ruwa bai ko jiƙa masa tabarma ba.

Shugaban ya ce in miƙe a tafa mini. Na miƙe, suka tafa.