Furofayil ɗin Baba

Kwamfutar Baba ta girmi ɗana na fari. Tana kusurwar falonsa a Fagge, lulluɓe da tsohon zanin Inna, kuma in an kunna ta sai ta yi ta gurnani kamar injin markaɗe kafin ta yarda ta buɗe ido. Abu ɗaya yake yi da ita: wasiƙa. Shi da amininsa, wani malamin makaranta Kirista mutumin Zariya da suka yi kwalejin horon malamai tare, sun shekara goma sha biyu suna aika wa juna imel, yawanci tsiya da zolaya. Aminin yana ce wa Baba Liman, Baba yana ce masa Fada, wato limamin coci. Bara waccan mutumin ya rasu. Wasiƙun nan kuwa babu su ko'ina a duniya sai cikin wannan tsohuwar, domin manhajar da aka saka wa Baba tun farko tana sauke saƙo ne ta share shi daga intanet.

Da kwamfutar ta fara ɗaukewa da kanta ana tsakiyar karatu, hankalina ya tashi. Na sayo masa laftof, na saka manhajar, na rubuta adireshi da kalmar sirri, ina ta hura hanci. Akwatin saƙo ya buɗe wayam, ko saƙo ɗaya babu.

Baba ya gyara tabarau ya leƙa. "Ina Fada?"

Na ce yana zuwa.

Na kira wani mai gyara a Sabon Gari, Inyamuri haifaffen Kano da kowa ke ce wa Injiniya. Ya ce abu mai sauƙi ne, ranar Asabar mu zo da laftof da furofayil ɗin Baba. Na isar da saƙo yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba.

Ranar Asabar na tarar da Baba cikin babbar riga sabuwa dal, ya kafa hula, turare har ƙofar gida. A hannunsa ambulan. Ƙanwata ta faɗa masa furofayil shi ne hoton da mutum ke sawa a waya, shi kuma ya tuna a wurin aiki kalmar na nufin tarihin mutum. Don kada a samu giɓi sai ya haɗa duka: hoton fasfo guda huɗu, tarihin aikinsa shafi uku, har da takardar ritaya. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Haba Baba, ai ba neman aiki za mu ba!" Na nuna masa filas, ɗan abin kwafar kayan kwamfuta, a aljihuna, na ce ga furofayil nan na kwafo tun jiya.

Da muka isa, Injiniya ya soka filas ɗin, ya duba, ya dube ni. Abin da na kwafo ashe ɗan tambarin manhajar ne da ke kan fuskar kwamfuta, wanda ake dannawa ta buɗe.

"Oga," ya ce, "ƙofa ka ɗauko ka bar gidan."

Baba ambulan ɗinsa kawai ya ɗora a kan tebur a hankali, ta gefen da zan gani. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muka koma Fagge muka ɗauko tsohuwar. Baba ya rantse ba za a sa ta bayan adaidaita sahu ba, a cinyarsa za ta zauna, naɗe cikin zanin Inna. A mahaɗar Bata cunkoso ya riƙe mu, rana na dukan mu, ni ina tafasa, shi yana tokare ta da hannu biyu duk sanda aka taka birki. Direban ya waiwayo ya ga yadda aka rungume abu a zani, ya sassauta murya ya ce Allah ya ba da lafiya. Baba ya ce amin.

A shago Injiniya ya kunna ta, ta yi gurnaninta, ta mutu, ya sake kunnawa. Ya ce furofayil wata jaka ce da duk wasiƙun ke ciki, amma a ɓoye take.

"Wa ya ɓoye?" in ji Baba.

"Kwamfuta, Baba."

"Daga wa? Ni kaɗai nake taɓa ta."

Injiniya ya ce haka ake yin su. Baba ya ce to ba a kyauta ba. Aka tono jakar, aka fara kwafa, ni ina ta addu'a a zuci kada tsohuwar ta cika kafin a gama. Ta kai, da ƙyar. Aka zuba a laftof, aka danna manhaja. Sai wani ɗan rubutu ya fito ya tare hanya.

Injiniya ya karanta ya ce, "Wai akwai wanda yake ciki yana amfani da shi."

"To ku bar shi ya gama mana," in ji Baba.

Na dubi fuskarsa. Ban san ko wasa yake ba, har yau ban sani ba. Mu uku muka zauna muna kallon allo, ana ta hayaniyar janareto a layin, muna jiran wani ya gama. Ni da ba ni da haƙurin layin gidan mai, na yi minti biyar cur ban motsa ba.

Injiniya ne ya gaji. Ya ce ba kowa a ciki, wani ɗan fayil ne ya biyo kayan, wanda tsohuwar ta bari da ta mutu ba shiri. Sunansa na Turanci yana nufin makullin mahaifi. Ya juyo gare ni, a gaban Baba, ya ce, "Matsalar daga mahaifin ne. In muka goge mahaifin shi ke nan."

Na ce, "Injiniya, ka iya bakinka!"

Baba ya shekara talatin da biyar yana koyar da Turanci, don haka ya matso ya karanta sunan da kansa, harafi-harafi. Ya ce shi dai bai kulle kowa ba, amma tunda an rubuta nasa ne, ba mai cire shi sai shi. Aka nuna masa maɓalli. Ya naɗe hannun babbar riga, ya yi bisimilla, ya danna.

Akwati ya buɗe. Sunan Fada ya cika allo daga sama har ƙasa, layi bayan layi, sama da ɗari bakwai. Sai dai duk sun fito da baƙin rubutu mai kauri, irin na saƙon da ba a taɓa buɗewa ba, har laftof ɗin ta yi ɗan ƙararta ta shigowar sabon saƙo.

Injiniya ya ba da haƙuri. Ya ce alamar waɗanda aka karanta ce ba ta biyo ba, amma dannawa ɗaya zai mayar da su duka tsofaffi. Ya kai hannu. Baba ya riƙe masa wuyan hannu, riƙon da na sani tun ina yaro.

"Kada ka taɓa."

Ya daɗe yana kallon allon. Idona ya ciko, na juya ina karanta farashin caja a bango kamar wanda zai saya.

"Kullum ɗaya zan buɗe, bayan la'asar," ya ce. Ya ɗan yi lissafi da yatsu. "Shekara biyu ke nan zai yi yana rubuto mini. In Allah ya kai mu."